Idan Ka Yi Kiciɓis da Kififiya a Bakin Kogin Kaduna

Ina gaishe ku duk inda kuke, daga Kawo zuwa Tudun Wada, daga Malali zuwa Unguwar Mu'azu. Gaisuwa ta musamman ga waɗanda kogi ne wurin neman abincinsu: masunta, masu ɗibar yashi, masu lambu, masu wanki. Sannunku da aiki.

Yau shirin namu a kan kififiya yake.

Kun san yadda abin ke faruwa. An kwana ana ruwa a watan Agusta. Gari ya waye, kwatoci sun cika sun batse. Sai ga yara sun yi da'ira a bakin hanya, ko a Rafin Guza ko a Kabala, ana ta ihu. Wannan da kara, wancan da dutse. A tsakiyarsu wata 'yar halitta ce ta ƙudundune. Can sai wani ya ga ai shi jarumi ne, ya miƙa yatsa. Kafin ka ce kwabo, kuka ya tashi. Babba ya zo da taɓarya, shi ke nan an gama da ita.

An yi asara biyu ke nan: yaro da rauni, dabba a mace. Kuma da an sani, da ko ɗaya ba a yi ba.

Ga maganar da nake so ku riƙe tun daga farko. Kififiya ba ta bin mutum. Ba ta farautar mutum. Hannun da ya je mata shi take cizo. Zan sake faɗa: hannun da ya je mata shi take cizo.

To, bari mu fara da sanin wace ce wace. Wannan shi ne kashi na farko.

Da yawanmu, duk mai ƙoƙo a baya kunkuru muke ce masa. Amma akwai na tudu, akwai na ruwa, kuma sanin bambancin nan rai yake ceta. Dubi ƙafa. Kunkurun tudu ƙafafunsa dunƙulallu ne masu kauri, bayansa ya yi tozo. Kififiya kuwa ƙafarta shimfiɗaɗɗiya ce, da fata a tsakanin yatsu domin iyo, bayanta kuma bai cika tudu ba. Me ya sa na damu da wannan? Saboda akwai masu kyakkyawar niyya da kan tsinci kunkurun tudu su jefa shi cikin kogi, wai sun mai da shi gida. Ba gidansa ba ne. Kunkurun tudu bai iya iyo ba, a ruwa mai zurfi nutsewa zai yi. In ba ka tabbatar ba, ajiye shi a gefen ruwa. Shi ya san inda zai nufa.

Wadda aka fi cin karo da ita a unguwanninmu ƙarama ce. Tsawon ƙoƙonta bai cika wuce santimita 20 zuwa 30 ba, wato ba ta fi tafin hannun babba biyu ba. Launinta na laka ne. Tana da wata alama da za ka gane ta da ita: idan ta tsorata, ba ta jan kai kai tsaye zuwa ciki, sai dai ta lanƙwasa wuya gefe guda ta cusa shi ƙarƙashin bakin ƙoƙo. Idan ka ɗauke ta, sai ta saki wani ruwa mai ɗoyi, wanda kan daɗe bai bar hannu ba. Makaminta ke nan na farko, kafin farce, kafin baki.

Ina take shiga da rani, da ba ma ganinta? Tana nan. Idan kududdufi ya fara ƙafewa, sai ta tona laka ta binne kanta, ta yi lamo wata da watanni. Ruwan farko na sauka, a Afrilu ko Mayu, sai ta farka ta fito neman sabon ruwa da abinci. Shi ya sa za ka gan ta tana tsallaka titi, ko ta ɓullo a tsakar gida. Ba aiko ta aka yi ba, jama'a. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne. Tafiya take yi, gidanka ne ya faɗo a kan hanyarta. Mu ne muka cike fadamu muka yi gini, ita kuwa hanyar da ta sani ke nan.

Sai ta biyu, babbar, wadda ita ce ta cancanci a yi taka-tsantsan da ita. Ita ce kififiya mai taushin baya. Bayanta ba ƙashi ne tsantsa a waje ba, fata ce mai santsi ta lulluɓe shi, ga shi a baje kamar faifai. Hancinta dogo ne siriri, ta yadda za ta kwanta a ƙarƙashin ruwa ta leƙo da shi kaɗai ta shaƙi iska. Kowace ƙafa farce uku. Wadda ta ƙasaita takan kusa mita guda a tsawo, nauyinta ya haura kilo 40. Ana samunta a kogin Nilu, da kogin Sanagal, da Binuwai, da Kwara da manyan rassansa, har can gaɓar Turkiyya. Kogin namu kuwa, wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya yi tafiyar kimanin kilomita 550, cikin Kwara yake zubewa. Ruwan ɗaya ne.

Ita wannan ba ta son tudu. Kwanciya take yi a ƙasan ruwa, ta rufe jikinta da yashi, ta jira kifi ya gifta. Tana iya daɗewa a nutse, domin fatarta da maƙogwaronta suna tsotsar iskar da ke narke cikin ruwa. Ba ta da haƙori ko ɗaya, duk dangin kunkuru ba su da shi. Amma a bayan leɓenta mai taushi akwai muƙamuƙi mai kaifi, wanda take datse kifi da shi. Kuma ga abin da ya fi muhimmanci: wuyanta dogo ne ƙwarai. Kana ganinta a takure ka ɗauka wuyan gajere ne. Cikin ƙiftawar ido sai ta harbo shi, ta juyo da shi ta bayanta, ta kai ga hannun da ke riƙe da gefen ƙoƙo. Masunta sun san wannan, su ba sai an gaya musu ba. Baƙon ruwa ne ke faɗawa.

Akwai ƙanwarta, wadda ba ta kai ta girma ba, mai wasu marafan fata da take rufe ƙafafun baya da su. Ita ma takan binne kanta a laka da rani, ita ma tana cizo in an matsa mata.

Yanzu kashi na biyu, kuma gajere ne. Matasa masu waya a hannu, wannan naku ne.

Na san kuna ganin bidiyon wata kififiya mai baƙar fuska, baki a wangale, ana miƙa mata kara tana karya shi. Wannan ta Amurka ce. Iri biyu ne. Ɗaya tana nan daga kudancin Kanada har Fulorida, nauyinta yawanci tsakanin kilo 5 da 16. Ɗayar, ta kogunan kudu maso gabashin Amurka, takan haura kilo 70, kuma a harshenta akwai wani jan nama mai motsi da take yaudarar kifi da shi ya shigo bakinta da kansa. Babu ko ɗaya daga cikinsu a kogunanmu. Ku kwantar da hankali.

Amma akwai abin koyo a wurinsu. Ita ta farkon, in tana cikin ruwa, gudun mutum take yi. Sai a tudu take faɗa. Dalili? Ƙoƙon cikinta ƙarami ne, ba ta iya shigewa ciki ta ɓuya, kuma a tudu ba ta da gudu. Ba wurin ɓuya, ba hanyar tsira, me ya rage mata? Baki. Tamu mai taushin baya ma, in an ritsa ta, baki take sawa. Hausawa sun ce kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. Ni a ganina ko damben ba ya so. Tsoro ne ke sa shi cizo.

A can Amurka akwai tsohon camfi, wai in ta kama mutum ba ta saki sai an yi tsawa. Ba gaskiya ba ne. Tana saki, kuma zan gaya muku yadda ake yi nan gaba kaɗan.

Ga mu a kashi na uku, wanda shi ne zuciyar shirin. Ka yi kiciɓis da ita, me za ka yi?

In a bakin kogi ne, tana shan hantsi ko tana tafiyarta, ja da baya taku uku ko huɗu. Kada ka tsaya tsakaninta da ruwa. Ruwa ne mafakarta, da ka ba ta hanya za ta sulale. Kira yara su gani daga nesa, ba laifi, ai ilimi ne. Sai dai ban da kara, ban da dutse, ban da yatsa.

In a kan titi ne, direba da ɗan acaɓa da mai Keke Napep, don Allah a rage gudu a kauce. Kada a taka da gangan. Ƙoƙon nan da kuke gani da ƙarfi, tayar mota murƙushe shi take yi. Wanda ya so ya taimaka, ya fara duba lafiyar kansa da ababan hawa tukuna. Sannan ya tsallakar da ita zuwa gefen da ta nufa. A saurara da kyau: gefen da ta nufa. In ka mai da ita inda ta fito, kana juya baya za ta sake hawa titin.

Yaya ake ɗaukarta? In ƙarama ce, kama ta da hannu biyu ta can bayan ƙoƙo, kusa da ƙafafun baya, kanta yana kallon gaba, nesa da jikinka. Kada ka ɗaga ta sama sosai, domin in ta shure ka ta suɓuce, faɗuwa na iya fasa ta. In mai taushin baya ce, ko kana shakka, kada ka sa hannu sam. Nemo shebur ka tura ta a hankali cikin baho ko baro, ko ka lallaɓa ta ta hau kan buhu ka ja. Kuma kada a ɗaga ta ta wutsiya. Wutsiya haɗe take da ƙashin bayanta, nauyin jikinta na iya gurɗe shi. Sai ka ga ta tafi ka ce lafiya ƙalau, alhali ka nakasa ta.

Mutanen Kigo Road, da Kabala, da Unguwar Rimi ta ɓangaren kogi, da Rafin Guza, ku kun san ambaliya. Wanda ya ga ta 2003 ko ta 2012 ba zai manta ba. Idan ruwa ya shiga gida ya janye, ba laka kaɗai yake bari ba. Yakan bar kifi, ya bar kififiya, wani lokaci har maciji. Saboda haka in an koma kwashe kaya, kada a zura hannu ƙarƙashin gado ko bayan randa ko cikin tarin shara ba a duba ba. A sa takalmin roba, a haska tocila, a fara taɓawa da sanda. In kififiya ce, a kife ta da baho, a tura faranti ko katako ta ƙasa, a mai da ita kogi. Kada a kai ta wata uwa duniya, ruwan da ya fi kusa shi ne nata.

Masu fatsa da masu mamari, ku ne kuka fi kowa haɗuwa da babbar, tunda abin da kifi ke so ita ma tana so. In ta haɗiyi ƙugiya, kada a sa yatsa a bakinta. A rufe mata kai da jiƙaƙƙen buhu, a cire da filaya in ƙugiyar na kusa. In ta yi nisa, a yanke zaren gab da baki. Masu ɗibar yashi da ke nutso, da masu lalube a laka, ku riƙa jan ƙafa kuna motsa ruwa kafin ku sa hannu. In ta ji motsi, tashi take yi.

To, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. A ce ta riga ta kama. Wannan shi ne kashi na huɗu, iyaye mata ku matso kusa da rediyo.

Abu na farko, kada a fizge. Fizga ita ke yaga nama. Kada kuma a doke ta ko a yi ƙoƙarin ɓanɓare bakin da wuƙa, ƙara damƙewa za ta yi. A sauke ta ƙasa ta ji ƙafafunta sun taka, ko, mafi kyau, a tsoma ta cikin ruwa tare da hannun. Da ta ji ruwa, ta ga hanyar gudu ta samu, sai ta saki. Kada a fizge, a tsoma a ruwa. Ku koya wa yara waɗannan kalmomi.

Abu na biyu, kififiya ba ta da dafi. Ba a ɗaure hannu, ba a tsaga, ba a tsotsa. Ba ta kuma ɗauke da ciwon haukan kare, wannan ciwo na dabbobi masu shayarwa ne. Haɗarin cizonta ƙazanta ce. Bakinta da ruwan da take ciki cike suke da ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani. Don haka a wanke raunin da sabulu da ruwa mai tsabta, a yi ta kwarara masa ruwa na mintoci, ba shafa ɗaya a tashi ba. A danne da tsabtataccen ƙyalle har jini ya tsaya. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko baƙin mai, ko ruwan batir. Ina roƙonku, kada a zuba. Waɗannan abubuwa ba sa warkarwa, lalata rauni suke yi.

Daga nan sai asibiti, ko da raunin bai yi kama da wani abu ba. Akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, akwai na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, akwai Babban Asibitin Kawo, ga ƙananan asibitocin unguwa. A gaya wa ma'aikacin lafiya cewa dabbar ruwa ce ta yi cizon, domin ya san irin maganin da zai bayar. A tambaya game da allurar tetanos, wato rigakafin ciwon nan da ke sandarar da jiki ya sarƙe haƙora. In bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya zo, a koma ba tare da jinkiri ba.

Yanzu zan shiga wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar ajiye su a gida.

Mun saba gani. An tsinto kunkuru ko kififiya, an huda gefen ƙoƙon da ƙusa, an zura igiya an ɗaure a gindin bishiya. Ana cewa ai ƙoƙo ne, ba ya jin zafi. Jama'a, yana ji. Ƙoƙon nan ba riga ba ce da ta sa. Haƙarƙarinta ne da ƙashin bayanta suka haɗe suka zama ƙoƙo. Akwai jini a ciki, akwai jijiya. Wanda ya huda shi, ƙashin mai rai ya huda. Musulminmu sun san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Kiristocinmu ma an hore su da tausayin dabba. To ina bambancin kyanwa da wannan, in ban da cewa ita ba ta da muryar kuka?

Ga kuma lafiyar 'ya'yanmu. Kunkuru da kififiya sukan ɗauki wata ƙwayar cuta a hanjinsu da jikinsu, sunanta salmonela. Su ba ta dame su ba. Amma in ta shiga cikin mutum, sai gudawa da amai da zazzaɓi, kuma ta fi tsanani ga ƙananan yara da tsofaffi da masu juna biyu. Yaro ya yi wasa da ita, ya sa hannu a kwanon tuwo, an gama. Abin ya kai ga a 1975 gwamnatin Amurka ta hana sayar da 'yan ƙananan kififiyu, waɗanda ba su kai santimita 10 ba, saboda yawan yaran da ke kamuwa. Saboda haka duk wanda ya taɓa ta, ya wanke hannu da sabulu. Kuma kada a jefa ta cikin rijiya ko randa ko tankin ruwan sha, wai ta cinye ƙwari. Inda take zaune nan take kashi.

Kashi na ƙarshe. Mun yi ta maganar yadda za mu kare kanmu. Amma tsakaninmu da ita, wa ya fi cutar da wani?

Ku tambayi tsofaffin masunta irin girman kififiyun da suke kamawa suna samari, sannan ku tambaye su yaushe rabon da su ga irinsu. Abin ba a Kaduna kaɗai ba ne. Ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa babbar mai taushin baya a jerin dabbobin da ke fuskantar barazana. A 2016, a taron da aka yi a Johannesbag ta Afirka ta Kudu, ƙasashen duniya sun amince a sa ido kan cinikin kififiyun Afirka masu taushin baya tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma Nijeriya na cikin waɗanda suka kawo shawarar. Akwai ma wata 'yar'uwarsu babba, wadda a da ake samu a kogunan Nijeriya da maƙwabta. Ta ɓace wa masana shekaru da yawa, sai a 2017 aka sake ganinta a Sudan ta Kudu.

Me ke cinye su? Kama iyaye mata, da kwashe ƙwai. Kififiya a ruwa take rayuwa, amma a tudu take haihuwa. Takan fito bakin yashi ta tona rami ta zuba ƙwai, babbar takan zuba gommai a zama ɗaya, ta rufe ta koma. Zafin rana ne ke ƙyanƙyashe su, bayan wata biyu zuwa uku. Guza da tsari da karnuka suna tonewa. 'Ya'yan da suka fito kuma tsuntsaye da manyan kifi na jiransu. Kaɗan ne ke kai labari, kuma wanda ya tsira sai ya shekara da yawa kafin ya isa haihuwa. To in mutum ya zo ya kama uwar a bakin rami, ya haɗa da ƙwan, me ya bari? Ƙara da shebur ɗin yashi da ke kwashe wurin gaba ɗaya, da leda da ƙazantar da muke turawa kogi ta kwatoci, da masu zuba guba irin su gamalin don su kwashi kifi a sauƙaƙe.

Wani zai ce, to in ta ƙare sai me? Ai tana da aiki. Tana cin mushen kifi da na dabba kafin ya ruɓe ya ɓata ruwa. Tana cin tsutsotsin ruwa. Tana cin dodon koɗi, wanda a jikin wasu irinsa ne tsutsar tsargiya ke girma, ciwon nan na fitsarin jini da ke damun yaran bakin rafi. Ba na cewa ita ce maganin tsargiya, magani na asibiti. Amma mai shara ce da ba a biyanta, kuma wannan kogin ne ake tace ruwansa a Malali ya zo famfunanmu.

Don haka ina da roƙo. Sarakunan ruwa da shugabannin masunta, ku ake ji a bakin kogi. Ku yi doka a tsakaninku: wadda aka samu tana zuba ƙwai a ƙyale ta, ƙanana a mai da su ruwa, mai zuba guba a hana shi. Masu ɗibar yashi, in shebur ya ci karo da ramin ƙwai, a rufe shi yadda yake, kada a jujjuya ƙwan, a matsa gaba kaɗan. Malaman makaranta, na boko da na allo, ku ɗauki minti biyar a wannan makon ku gaya wa yara: ba kara, ba dutse, ba yatsa, kuma in ta kama, kada a fizge, a tsoma a ruwa.

A nan za mu dasa aya.